Fayil ɗin STL kaɗai nake da shi, kuma sitires ya ƙi tsayawa wuri ɗaya

Nura:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Shawara nake nema. An ba ni aikin duba wani maƙalin alminiyam da ke riƙe injin lantarki a jikin firam, a ga ko zai ɗauki nauyin. Mai kayan ba shi da zanen asali, fayil ɗin STL kawai ya rage masa, wato fayil mai bayyana fatar abu da ƙananan alwatikai, wanda aka taɓa fitarwa don bugawa a firintar 3D. Na shigar da shi manhajar zane ta FreeCAD na mayar da shi dunƙulallen jiki, sai kowace alwatika ta zama fuska mai zaman kanta. Kafin in sa lodi a bangon ramin bol sai da na riƙa danna su ɗaya bayan ɗaya. Wannan na daure. Abin da ya fi damuna shi ne duk sanda na ƙara wa raga laushi, wato na ƙanƙanta ƙwayoyin da kwamfuta ke raba jikin zuwa gare su don lissafi, sitires (ƙarfin ja ko matsi a cikin ƙarfen) a bakin ramin sai ya hau. Raga mai milimita 2 ta ba ni 96 MPa (ma'aunin sitires), mai milimita 1 ta ba ni 114, mai rabin milimita ta ba ni 136. Lotsawar bakin maƙalin kuwa kusan ba ta motsa ba: milimita 0.412, 0.419, 0.421. Manhajar lissafi ta CalculiX nake amfani da ita. Wacce amsa zan kai wa mai aiki?

Injiniya Garba:
Wa alaikumus salam. Malam Nura, kada ka kai masa ko ɗaya tukuna. Matso da ramin a allo ka ƙirga min, gefe nawa gare shi?

Nura:
Ranka ya daɗe, 12 ne. Faɗin ramin milimita 10.

Injiniya Garba:
To, ai ba rami zagayayye kake lissafi ba, rami mai kusurwa 12 kake lissafi, kuma CalculiX gaskiyar abin da ka ba shi yake faɗa maka. Kamfanin 3D Systems ne ya fito da tsarin STL a 1987 saboda injin bugawa, shi kuwa injin bugawa fatar abu kawai yake son gani. Babu da'ira a cikin fayil ɗin, babu silinda, babu sunan fuska, ko ma'aunin tsawo babu. Alwatika ce, sai ɗigonta uku, sai kibiyar da ke nuna waje. Shawarata, ka ajiye STL ɗin a gefe ya zama abin kallo, ka sake zana maƙalin da hannunka, ka fitar da shi a STEP, tsarin fayil da ke riƙe da'ira da lanƙwasa na gaskiya. Maƙali mai 'yan ramuka da haƙarƙari ba zai ci maka yini ba.

Sadiq:
Injiniya, da girmamawa, ni dai ban yarda a ce kullum sai an sake zane ba. Mu masu lissafin iska da ruwa a manhajar OpenFOAM, STL ne abincinmu. snappyHexMesh ma, mai saƙa mana raga, shi yake karɓa kai tsaye. Mota guda cur ake sakawa a haka a samu amsar da ake aiki da ita. Ɗan'uwa Nura, matsalar danna alwatika ɗaya-ɗaya tana da magani cikin minti biyar. Ka buɗe fayil ɗin a Gmsh, manhajar saƙa raga, akwai umarnin da ke rarraba fatar zuwa fuskoki bisa kusurwar da ke tsakanin alwatika da maƙwabciyarta. Misalin da ke cikin darussansu digiri 40 ya sa. Bangon raminka yana karyawa da digiri 30 a kowace gaɓa, saboda haka zai haɗe ya zama fuska ɗaya, bakin ramin kuma da ke digiri 90 zai rabu da shi. Ka sa wa kowace fuska suna, ka ci gaba da aikinka.

Dakta Hadiza:
Sadiq ya warware matsala ta farko, ta biyu tana nan daram. Bari in tsaya a kan lambobin Nura, don sun riga sun faɗi komai.

Ka raba 114 da 96, ka samu kusan 1.19. Ka raba 136 da 114, kusan 1.19 kuma. Amsar da ke hanyar daidaitawa, tazararta raguwa take yi, kamar yadda lotsawarka ta yi: ta ƙaru da 0.007, sannan da 0.002. Amsar sitires ɗinka kuwa ninkawa take da adadi ɗaya duk sanda ka raba raga biyu, kuma ba za ta daina ba.

Dalili: a kowace kusurwa ta ramin, ɓangaren da babu komai digiri 150 ne, ƙarfen da ya kewaye ta kuwa ya cika digiri 210. M. L. Williams ya nuna a 1952 cewa a lissafin jiki mai komawa yadda yake bayan an sake shi, duk kusurwa mai kaifi da ƙarfe ya wuce digiri 180 a kewayenta, sitires a daidai tsinin ba shi da iyaka. Saurin hawansa ya danganta da girman kusurwar. A digiri 210, raba raga biyu yana ƙara kusan kashi 19 cikin 100. A kusurwar L, wato digiri 270, kusan kashi 37. Ka ga naka ya faɗa daidai kan na farko. Wato 136 ɗin nan ba labarin maƙalin yake ba ka ba, labarin girman ragarka ne.

Rami zagayayye na gaske ba haka yake ba. Tun 1898 Kirsch ya fitar da amsar faffaɗan faranti mai ƙaramin rami da ake ja ta gefe ɗaya: sitires a bakin ramin ninki 3 ne na wanda ke nesa, ya tsaya a nan. Shi ya sa nake so kowane mai koyo ya fara da wannan farantin, ya yi shi sau biyu, da rami na STEP da rami na STL, ya gani da idonsa.

Nura:
Ranki ya daɗe, na gane. To idan na sa Gmsh ta sake saƙa ragar fatar da ƙananan alwatikai, ramin ba zai zagaye ba?

Dakta Hadiza:
A'a. Sabbin ɗigon a kan tsofaffin shimfiɗaɗɗun alwatikai za su zauna, don Gmsh ba ta da wata da'ira da za ta bi. Za ka samu alwatikai masu kyan siffa a kan rami mai gefe 12. Haka ma ƙwayoyin raga masu ɗigo 10: amfanin ɗigon tsakiyar gefe shi ne ya hau kan lanƙwasa ya sa gefen ya bi ta. A kan STEP yana hawa, a kan STL yana zaune a tsakiyar miƙaƙƙen layi.

Ka auna nisan da aka rasa. Radiyos milimita 5, gefe 12, tsakiyar kowane gefe ta yi nesa da da'irar gaskiya da milimita 0.17. Da gefe 36 ne, da 0.019 ne. Wanda ya fitar da fayil ɗin ne ya yanke wannan tun ranar da ya zaɓi laushin fitarwa, kuma babu ragar da za ta dawo da shi.

Sadiq:
Malama, na karɓi wannan a ɓangaren ƙarfe. Amma ko a nan, idan abin da ake tambaya lotsawa ce ko mitar girgiza, ai ga shi amsar Nura ta tsaya a 0.42. Me zai sa ya ɓata lokaci?

Dakta Hadiza:
Idan lotsawa ce tambayar, ina tare da kai, da sharaɗi ɗaya: ya duba ko sassan da ke ɗaukar lodin zagayayyu ne. Sanda mai gefe 12 da aka zana a cikin da'ira ta rasa kashi 4.5 cikin 100 na faɗin yankanta, ƙarfinta na jure murɗawa kuwa ya ragu da kusan kashi 9, don shi da radiyos ninki huɗu yake tafiya. Ku ma abin yana taɓa ku. Ruwa mai tafiya a natse cikin bututu, yawan da ke wucewa da radiyos ninki huɗu yake tafiya, saboda haka bututu mai gefe 12 zai rage maka kimanin wannan adadin. Amsar za ta tsaya cak, ta daidaita, amma ta wani bututun ce daban.

Sadiq:
Gaskiya ne, shi ya sa nake roƙon masu zane su fitar min da laushi sosai, nauyin fayil ba ya damuna. Af, tunda an zo nan, Nura, ga abin da nake dubawa kafin komai. STL na binari lissafinsa a fili yake: bayit 80 na kai, bayit 4 na adadin alwatikai, sannan bayit 50 ga kowace alwatika. Mai alwatika 20,000 zai zama bayit 1,000,084. Idan girman bai yi daidai ba, fayil ɗin ya yanke a hanya. Sai ma'auni: OpenFOAM mita yake ɗauka, masu zane kuwa milimita suke fitarwa, idan ban ninka da 0.001 ba, bututun milimita 50 ya zama mita 50. Tsarin 3MF da ya fito a 2015 yana ɗauke da ma'auninsa a ciki, amma har yanzu STL ake turo mana.

Babbar fitinarmu ita ce huji. Kana nuna wa snappyHexMesh ɗigo ɗaya ka ce nan ne cikin ruwa. Idan akwai tsaga a fatar da ta kai girman ƙwayar raga, sai ragar ta zurara waje ta cika akwatin duka, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Umarnin surfaceCheck na OpenFOAM yana gaya maka ko fatar a rufe take.

Injiniya Garba:
A naku huji ƙarami yana iya wucewa idan raga ta fi shi girma. A namu ba ya wucewa. Mai cika ciki da ƙwayoyi masu fuska huɗu, ko TetGen ne ko Netgen ko Gmsh, yana so kowane gefe ya zama na alwatika biyu daidai, ba ɗaya ba, ba uku ba, kuma kada alwatika ta ratsa 'yar'uwarta. Malam Nura, tunda naka ya saƙu, wataƙila fatar lafiya take, amma ka tabbatar. Manhajar MeshLab tana ƙirga maka ɗigo da gefe da fuska. Ɗigo, a cire gefe, a ƙara fuska: jiki rufaffe marar rami yana ba da 2, kowane rami da ya ratsa yana rage 2. Naka ramuka nawa?

Nura:
Uku ne, Injiniya, biyu na ɗaurewa a firam, ɗaya na injin. Na duba, ya ba ni -4.

Injiniya Garba:
Madalla, fatar a rufe take kuma babu ɓoyayyen rami. Wace irin ƙwaya ka sa?

Nura:
C3D10, mai fuska huɗu da ɗigo 10.

Injiniya Garba:
Ka kyauta. C3D4, mai ɗigo 4 kawai, taurin kai gare ta, ba ta iya lanƙwasa yadda ya kamata, sai ta nuna maka maƙalin ya fi ƙarfinsa na gaskiya, wanda shi ne kuskuren da ya fi hatsari. Ni abin da ya sa nake tsananta wa raga ke nan. A watan Agusta na 1991 gindin kankare na dandalin haƙar iskar gas na Sleipner A ya nutse kusa da Stavanger a ƙasar Norwe ana cikin gwajin cika shi da ruwa. Bincike ya gano lissafin kwamfuta ya rage sitires na tsaga a wata mahaɗar bango da kusan kashi 47 cikin 100, kuma yadda aka saƙa ragar wurin yana cikin dalilan. Ba STL ba ne a can, amma darasin ɗaya ne da namu: hoton launuka ya fito tsaf, lambar kuwa ba daidai ba.

Maryam:
Sallama gare ku. Ina bin zancen tun farko. Yallabai Injiniya, shawarar sake zane ta dace da maƙalin Nura, amma ina so masu karatu su san akwai inda ba ta shiga ko kaɗan. Ni ƙashi nake lissafi, daga hoton asibiti na CT. Babu wanda ya taɓa zana ƙashin cinyar mutum a CAD, wato manhajar zanen injiniya, balle a ce an ɓatar da zanen. Fatar tana fitowa ne ta hanyar da Lorensen da Cline suka wallafa a 1987, wadda ke bin ƙananan akwatunan hoton tana yanka alwatikai, kuma tana fitowa da matakala-matakala da siraran alwatikai barkatai. Haka masu sikanin tsofaffin kayan gyara, haka masu barin kwamfuta ta sassaƙe musu siffa mafi sauƙin nauyi. Dukkanmu alwatika ce asalinmu.

Abin da muke yi shi ne gogewa, sannan sake saƙa. A gogewar ma akwai tarko. Hanya mafi sauƙi, wadda ke jan kowane ɗigo zuwa tsakiyar maƙwabtansa, tana tsuke jikin a hankali, ƙashi mai siririn bango sai ya ƙara sirancewa. Hanyar Taubin ta 1995 tana ja sannan ta tura, don jikin ya riƙe girmansa, kuma tana cikin MeshLab. Ina rubuta girman ciki kafin gogewa da bayanta, kullum. Kuma ba na karanta sitires a ɗigo ɗaya na fata, matsakaicin ɗan yanki nake ɗauka, in faɗi girman yankin a rahoto.

Injiniya Garba:
Malama Maryam, a kan ƙashi ba ni da ja. Inda nake tsayawa shi ne kayan da injin yanka ya yi. Ramin da aka huda da diril zagayayye ne, kowa ya sani, faɗinsa ma ana iya aunawa a jikin kayan. Goge shi a kwamfuta kintace ne a inda ake da tabbas.

Maryam:
Haka ne Yallabai. Sai dai akwai hanya ta tsakiya da ban ji an ambata ba. Ba dole ya sake zana maƙalin duka ba. Ɗigon kusurwoyin ramin nan 12 a kan da'irar gaskiya suke zaune, don daga CAD aka fitar da su, ba sikani ba ne. Uku daga cikinsu sun isa su ba shi cibiya da radiyos daidai. Ya toshe ramin, ya sake huda shi da silinda ta gaske, ya yi haka ga lanƙwasar gindin haƙarƙari, ya bar sauran yadda suke. Shimfiɗaɗɗun fuskoki ai STL ba ya ɓata su.

Dakta Hadiza:
Wannan ita ce maganar da zan sa hannu a kai. Shimfiɗaɗɗiyar fuska da alwatika biyu ma daidai take ɗari bisa ɗari. Asarar duk a lanƙwasa take, kuma a lanƙwasar ma, wadda ta lotsa ciki ce ke haifar da sitires marar iyaka. Kusurwar da ta turo waje ba ta yin haka.

Ƙari ɗaya kan siffar alwatika, don na ga ana yawan tsoron sirara. Babuška da Aziz sun nuna a 1976 cewa abin da ke lalata daidaiton amsa shi ne kusurwa mai kusantar digiri 180, ba ƙaramar kusurwa ita kaɗai ba. Ƙaramar tana wahalar da mai warware lissafin, babbar tana ɓata sitires ɗin kansa. STL daga CAD cike yake da dogayen alwatikai da suka taso daga bakin rami zuwa ƙarshen faranti, saboda haka ko da siffar ta gamsar da kai, kada ka cika ciki kai tsaye a kansu. A sake saƙa fatar tukuna.

Sadiq:
Kuma a kula da inda kayan yake zaune. Lambobin STL na binari kimanin lamba 7 kawai suke riƙewa. Idan an fitar da ƙaramin maƙali daga cikin babban gini, yana nesa da cibiya da dubban milimita, lambobin bayan ɗigo sun ragu, gefuna su ƙi haɗuwa. A matso da shi cibiya kafin a fitar, ba bayan an fitar ba.

Nura:
Na dawo da sakamako. Na bi hanyar Anti Maryam, sai na ga da na gyara ramuka uku da lanƙwasa biyu, saura kaɗan ne, sai na ƙarasa zanen duka kamar yadda Injiniya ya ce. Girman ciki na sabon da na STL sun yi kusa ƙwarai. Ramin injin yanzu ya ba ni 88, 91, 92. Lotsawa 0.42 kamar da. Amma ga wani abu: a bakin ramukan ɗaurewa biyu, sitires har yanzu hawa yake duk sanda na rage raga, alhali yanzu zagayayyu ne.

Injiniya Garba:
Yaya ka ɗaure su?

Nura:
Na kulle bangon ramukan gaba ɗaya, ba motsi ta kowace fuska.

Injiniya Garba:
Ga shi nan. Wannan ba laifin alwatika ba ne kuma. Inda kulli ya ƙare kwatsam, fuska sakakkiya ta fara, nan ma lissafi yana ba da sitires marar iyaka, ko da zanen ya fi kowane kyau. Bol na gaske ba ya riƙe bangon rami haka. Yana matse farantin ne tsakanin wasa (zoben ƙarfen da ke ƙarƙashin kan bol) da firam, gogayya ta riƙe. Idan ramin injin ne abin dubawarka, kuma yana da nisa da wurin ɗaurewa, ka bar kullin, ka rubuta a rahoto cewa ba a karanta sitires a wurin ba. Idan kuwa kana zargin wurin ɗaurewar, sai ka zana wasa da guntun firam, ka sa haɗuwa mai gogayya, ka ɗaure bol ɗin da ƙarfin da za a ɗaure shi a zahiri. CalculiX yana iya duka biyun.

Dakta Hadiza:
Kafin ka shiga wannan, gwaji biyu masu arha. Ka tara ƙarfin da ke fitowa a wuraren kulli ka ga ya yi daidai da lodin da ka sa. Sannan ka cire kullin duka ka nemi mitocin girgiza: shida na farko su zama kusan sifili, na bakwai ya yi sama. Idan sifilin ya wuce shida, akwai guntun da bai manne da jiki ba. A nan ne ma'auni ke kama mutane: idan tsawo milimita ne, ƙarfi kuma newton, to taurin alminiyam kusan 70,000 MPa ne, nauyinsa kuma sai a rubuta shi da tan a kowace milimita kubik, wato 2.7e-9, ba 2700 ba.

Nura:
Na yi su, ranki ya daɗe. Ƙarfin ya yi daidai, sifili shida ne. Injin yana girgiza idan yana aiki, kuma mai kayan ya ce tsohon maƙalin a kusa da bol na sama ya tsage, saboda haka ina ganin ba zan tsallake wurin ɗaurewar ba. Injiniya, guntun firam ɗin da zan zana, girmansa ya kai ina, kuma shi a ina zan kulle shi?

Injiniya Garba:
Tunda can ya tsage, can aikin yake, kuma maganar ta koma gajiyar ƙarfe, ba nauyi tsaye kaɗai ba. Ka bar firam ya wuce gefen maƙalin ta kowane ɓangare da aƙalla faɗin maƙalin kansa, ka kulle yankakkun bakunansa. Sai ka ƙara masa tsawo ka sake gudu; idan sitires a gindin wasa bai canza ba, girman ya isa. Ka tambayi mai kayan irin alminiyam ɗin, ko zubi ne ko yanka, da girman bol da ƙarfin ɗaurinsa, da saurin juyawar injin. Idan tsohon maƙalin yana nan, ya ɗauko maka hoton fuskar tsagar daga kusa, mu ga ta inda ta faro.